Itacen da Inna Ta Tara

Yau kwana arba'in da aka kai Inna makwancinta. Inna ita ce mahaifiyar maigidana, surukata, kuma ko a takarda hannuna ba zai iya rubuta sunanta ba. Allah ya jiƙan ta, ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gida, kowa ya ƙudundune cikin zane biyu, don ɗarin bana ba na wasa ba ne. Ina zaune a bakin ƙofata da jaririya a cinya, ina jin abin da ake faɗi. Maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta ce, "Allah shi gahwarta mata, amma wa ya taɓa ɗibar wuta gidan ga ya hita da garwashi biyu?" Aka yi ƴar dariya, irin wadda ake rufewa da gefen mayafi. Wata ta ce ita Inna ta taɓa mayar da ita gida ta ɗauko kasko mai murfi, wai iska za ta cinye garwashin a hanya ta dawo roƙon wani. Wata Bafillatana da ke kawo mana nono tun lokacin da akwai shanu ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce duk garin nan Inna kaɗai ke shimfiɗa mata tabarma. Liman ya tsaya daga zaure ya yi addu'a, ya ce bai taɓa jin an kai ƙarar tsohuwar ba.

Ƙanwar Inna, wadda ta zo daga Urno, ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta karɓi jaririyar ta duba ta sama da ƙasa, ta miƙo mini ita, ta ce, "Allah shi raya. Ke ma Allah shi raya ki, an sai ki da tsada." Na san abin da take nufi, matan ma sun sani.

Na ga idan na yi shiru, nan da ƴan shekaru abin da zai rage na Inna a bakin mutane shi ne labarin garwashi guda da dariya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da abin da zan rubuta ba zai yi mini kyau ba.

Ni ƴar Madawa ce. Na yi lakwal, wato makarantar boko, aka koya mini aikin wayar da kan mata, aka turo ni ƙauyukan Karofane in nuna musu yadda ake gina murhun laka mai tattalin itace. A nan na haɗu da maigidana, a nan aka ɗaura mini aure shekara uku da suka wuce. Ina da baki, ban taɓa ɓoyewa ba. Inna ma tana da nata, sai dai nata gajere ne, kuma ba ya kuskure. Ba ta kiran sunana. "Ɗiyar lakwal" take ce mini, wani lokaci da tsokana, wani lokaci ba da tsokana ba.

Ranar da na gina murhuna na farko a gidan, na tara mata, na buɗe takarda mai zane, na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe. Inna ta saurara har na gama. Sai ta durƙusa ta sa tafin hannu a bakin murhun, ta ce, "Ɗiyar lakwal, takardar taki ba ta hwaɗa miki ina iska ka hitowa da ɗari ba? Kin ba gabas baki. Juya shi." Mata suka kwashe da dariya. Wallahi ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma gaskiyarta ce, wannan ya fi komai ba ni haushi.

Inna ba ta hura wuta sai tukunya ta hau, ruwa yana ciki, murfi yana bisa. Wake kuwa tun jiya ta jiƙa shi. Da tuwo ya nuna sai ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya ta cusa cikin rairayi, gobe a ci gaba da shi. Idan ta ga harshen wuta ya zarce wuyan tukunyata sai ta tsaya ta ce, "Tuwo kike dahwawa ko sararin Allah?" Tana da tuluna uku da ta shafe da baƙin tukunya. Da hantsi sai ta cika su da ruwa ta jera a rana jikin katanga, kafin la'asar sun yi ɗumi, da su take alwala da wanka duk tsawon ɗari ba tare da ta ƙona ko tsinke ba. Ni da nake cin albashi kan tattalin itace, ban taɓa jin wannan a bakin malamanmu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarin itacen da ke bayan rumbu. Ya fi tsawon namiji, manyan guma-gumai na marke da ƙirya, an lulluɓe shi da ƙaya. Ba mai taɓa shi. Da damina muna girki da jiƙaƙƙen kara, hayaƙi yana fid da mana hawaye, ga busasshen itace yana kallon mu. Na ce wa maigidana wannan rowa ta wuce hankali. Daga baya ya gaya mini dalili. Yana da yaya mace, ita ce ƴar farin Inna. A farin da aka yi shekara goma baya sun yi zaman bukka a gefen Buza suna jiran hatsin taimako, yayar ta haihu cikin ɗari. A al'adarmu mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, mijinta ne ke tara itacen tun ciki yana ƙarami. Itacensu ya ƙare rana ta goma sha biyu. Aka tsai da wanka. Ƙafafunta suka kumbura, sannan fuskarta, ba ta ga arba'in ba. Tun daga nan duk ranar da Inna ta shiga daji sai ta ƙaro guda ta ajiye a bayan rumbu. Ta ce ba za ta ƙara dogara da wani namiji a kan itacen jego ba.

Na ji tausayi, amma tausayin bai hana ni surutu ba. Na je na gaya mata abin da ma'aikatan likita ke faɗi a Madawa, cewa wankan nan ba dole ba ne, har ma yana iya wahalar da mace. Ta ci gaba da tsince hatsinta. Can ta ce, "Su likitan, sun binne ɗiya?"

Bara aka ce gwamnati tana so ma'aikata su fara girki da gas don talakawa su gani su koya, itatuwa su huta. Na samo tukunyar gas da kan murhunta, na ɗoro ta a motar kasuwa, na shigo gida ina jin kaina kamar wadda ta kawo wa gari wata. Na murɗa, na ƙyasta ashana, shuɗiyar wuta ta tashi ba hayaƙi. Inna ta zagaya ta sau biyu, ta sunsuna.

"Ina ake saro shi?"

Na ce ba a saro shi, daga Nijeriya ake kawowa Madawa.

"In ya ƙare hwa?"

Na ce sai a sa tukunyar a mota a je a cika.

Ta ce, "Wutar da sai an shiga mota a je neman ta, ba taki ba ce."

Na yi tsaki a zuciyata.

Ga laifina, zan faɗe shi yadda yake. Ina da ciki wata huɗu, damina ta ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba. Aka aiko cewa manyanmu za su zo su ga aikin murhu, a tara matan ƙauyuka a yi kwana biyar ana koyarwa ana girki a gabansu. Itace babu. Inna kuwa ta tafi Urno wajen ƙanwarta. Na tsaya a bayan rumbu na dubi tarin nan, na ce ai don ni aka tara shi, ni kuwa ina da gas. Maigidana ya ce in bari ta dawo. Na wanke shi da magana har ya fita ya bar mini gidan. Na janye ƙayar da hannuna. Kwana biyar murhu goma suna ci, baƙi suka yaba, aka tafa mini. Abin da ya rage na ce mata su kwashe, kowa ya kai gida.

Inna ta dawo da la'asar. Ta tsaya a wurin, ba komai sai ɓawo da zanen gara a ƙasa. Ta daɗe tsaye da ƙunshinta a ka. Na so ta yi ihu, da na san yadda zan rama. Ta tako har ƙofata, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Shekara goma nike tara shi."

Na ce, "Haba Inna, zamani ya wuce wannan. Ba don ni kika tara ba? To na yafe."

Ta ce, "Ke kin yahe. Ni ba ni da wata ɗiya da zan ƙara ba ƙasa."

Ta juya. Wata biyu ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da ina wuni.

Kaka ta zo ba a yanki kara ba, don babu karan. Shanu wasu sun mutu, wasu an kora su kudu, babu kashin shanu da za a tsinta a ƙona. Maza suka watse cin rani, maigidana yana cikinsu, ya tafi bakin teku. Dajin da ke kusa an share shi tas, mata har saiwa suke tonowa. Itatuwan da suka rage su ne layukan dogon yaro da aka dasa a kwari don su tare iska, su kuwa akwai gardi, mai tsaron daji, a kansu. Iyakar Nijeriya kuma tana rufe, na ji ana cewa gas ya yi wuya a Madawa. Na girgiza tukunyata na ji da nauyi, na ce za ta kai ni.

Na haihu a tsakiyar ɗari. Ba ni da uwa da za a kai ni wankan gida, ta rasu tun ina lakwal. Inna ce ta yanke cibi. Ita da kanta ta jawo tukunyar gas ɗin zuwa bayan ɗakina inda nake wanka, ta ce, "Nuna min inda ake murɗawa." Da shi ta dafa ruwan kwana tara. Kwana biyu bayan suna wutar ta yi ja, ta yi ƙasa, ta mutu. Muka ba direban motar kasuwa tukunyar. Ya dawo da ita yadda ya tafi da ita, ya ce babu, sai ranar da aka buɗe iyaka.

Na ce wa Inna a bar wankan haka, ba abin da zai same ni. Bakina ne ya faɗa. Ƙafafuna sun ɗan tasa, kuma tun da na gan su duk karatun lakwal ya fice mini daga ka, ba abin da nake gani sai yayar maigidana da ban taɓa sani ba. Tsoro nake ji, tsoron mutuwa, ga jaririya a hannu. Inna ta durƙusa ta danna babban yatsa a bisa ƙafata, ta ɗaga, ta dubi ramin da ya bari. Ta tashi ta fita.

Da yamma ruwa ya zo yana tururi. Washegari ma haka.

Daga baya na ji cewa Inna ta fara zuwa kwari da gatari, gardi ya kama ta ya karɓe gatarin. Ban ga laifinsa ba. Ni da bakina na sha gaya wa mata kada su taɓa itatuwan nan. Ta dawo hannu biyu, ta kwaɓa laka, ta gina murhu irin nawa kewaye da babbar tukunyar wanka, ta ba yamma baki. Tulunanta uku ta dawo da su wurin, ruwa yana shan rana kafin ya hau wuta, ta yadda itace kaɗan ke tafasa shi. Wata safiya tana fifita wuta, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Murhun ga naku, ba duka ne ƙarya ba." Wannan shi ne yabon da na taɓa samu daga gare ta, na farko kuma na ƙarshe.

Murhun yana gabana duk lokacin da na fito wanka, don haka ina ganin abin da ake sa masa. Da farko dirkokin rumfa ne. Bayan su taɓarya, an karya ta uku. Sai tsohon turmi, ta farfasa shi da dutse. Wata rana na ga ƙafar gado mai sassaƙa tana ci, na gane ta, don na sha share ƙarƙashinta. Sai allunan ƙyaure. Wajen kwana ashirin da biyar aka fara kawo dogayen sanduna baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, da guntayen tsohuwar igiya a jikinsu. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin jinka ya ɗaga ido ya san su, tsaikon rufin ɗaki ne.

Na gani, na gane, ban tambaya ba. Ɗakinta yana can bayan rumbuna, taku ashirin daga nawa. Na ce wa kaina mai jego ba ta yawo. Ƙarya nake yi wa kaina. Ruwan yana da zafi, ƙafafuna suna saɓewa, ba na so in san abin da zai sa in ce a daina.

Sai tari ya kama ta, busasshe, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Rana ta talatin maƙwabciya ta shigo ɗakina ba ko sallama, ta ce, "Ke, kin san surukarki a hili take kwana? Bango kaɗai ya rage. Na ce ta zo ɗakina ta ƙiya, wai tun da anka kawo ta gidan ga ba ta taɓa kwana ɗakin wani ba."

Da yamma da Inna ta kawo ruwa na tare ta. Na durƙusa na kama ƙafarta, na ce don Allah don Annabi ta dawo ɗakina ta kwana, ga wuri.

Ta janye ƙafar. "In kwana ɗakin ɗana? Bisa shimhiɗar ɗana? Ruhwa min asiri, ɗiyar lakwal."

Na ce to a tsai da wankan, na warke, ga ƙafata ta duba.

Ta ce, "Saura goma."

Na yi kuka, na ɗaga mata murya, na ce ba zan shiga ruwan ba ko za a yanka ni. Ta tsaya riƙe da ganyen wanka tana jira, tari yana girgiza ta, tururi yana raguwa a bakin tukunya. Ta ce, "Ruwan na hucewa. Icce biyu na ƙona." Jama'a, na kwance zanena na yi wankan. Na yi na washegari, na yi na jibi, har goman suka cika. Ba wanda ya ɗaure ni. Da na kafe da gaske, da ta haƙura ko ba ta haƙura ba, ban sani ba, don ban kafe ba.

Ranar arba'in ta kawo ruwan ƙarshe tana jan ƙafa. Bayan na gama ta durƙusa ta danna yatsa a ƙafata, ta ɗaga. Ba rami. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kin hita, ɗiyata." Sai ta zauna a ƙasa, ta nemi tashi ta kasa. Ni da maƙwabciya muka ɗauke ta, ba ta fi nauyin damin kara ba. Muka kai ta ɗakina, don ba ta da sauran ƙarfin ƙi. Ta juya fuska jikin bango don kunya, kuma haka ta kwanta kwana shida. Wani ma'aikacin likita ya zo daga Buza ya yi mata allura, ya saurari ƙirjinta, ya ce sanyi ya riga ya cika huhu, da an kira shi tun da wuri. Ta cika da sassafe, rana ba ta gama fitowa ba, ɗanta yana can bai ma san ba ta da lafiya ba.

Maƙwabciya da wata tsohuwa ne za su yi mata wanka, aka ce ni in riƙa zuba ruwa. Na ce su dakata in ɗumama shi. Na fita na zagaya gidan, ban sami ko sanda ɗaya ba, Inna ba ta bar komai ba. Na koma ɗakina in fasa wani abu nawa. Gadona na ƙarfe ne, ƙofata ta kwano, akwatina na ƙarfe, duk kayan da na taho da su daga Madawa ina taƙama babu wanda wuta za ta ci. Na duba tulunan, rana ba ta kai gare su ba. Wata mata ta kawo ƴan karare cikin hannu, suka tashi fuu suka mutu, ko gindin tukunyar bai yi ɗumi ba. Maza suna zaure suna jira, liman ya aiko sau biyu cewa ba a jinkirta gawa.

Na ɗebo daga randa. Na tsoma hannu a ƙwaryar, sanyin ya kama ni har ƙashi. Na tsaya a kan Inna riƙe da ƙwaryar, ina kallon ƴan kafaɗunta. Maƙwabciya ta ce, "Zuba." Sau tamanin matar nan ta kawo mini ruwan zafi. Na ce Allah ya gafarta mata, ya gafarta mini, na zuba mata na sanyi.